Lambar jeri a rumbun bayanai: daga ina take fitowa?

Duk takardar ofis mai ɗauke da jerin sunaye, ta albashi ce ko ta sakamakon jarrabawa ko ta manoman da za a raba wa taki, gidanta na farko daga hagu na lamba ne: 1, 2, 3, har ƙasa. Magatakarda mai biro ba ya ko tsayawa tunani kafin ya rubuta ta. Amma idan sunayen nan a rumbun bayanai na kwamfuta suke, lambar ba ta ciki. Ana ƙirƙiro ta ne a daidai lokacin da aka nemi jerin, kuma an shafe shekaru masu yawa kafin a samu tsabtatacciyar hanyar yin hakan.

Asalin abin yana komawa ne ga 1970, shekarar da Edgar F. Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da tsarin da yawancin rumbunan bayanai ke bi har yau. A tsarinsa bayanai na zaune cikin tebura, kowane tebur yana da layuka, kowane layi yana da gidaje kamar na suna, aji da maki. Sai ya gindaya wani sharaɗi da ke ba mutane mamaki: layukan ba su da gaba, ba su da baya. Babu na farko, babu na ƙarshe. Hikimar ita ce a sakar wa manhaja mara ta ajiye layi inda ta ga dama, ta kuma ɗauko shi ta hanyar da ta fi sauri. Harshen SQL da ake yi wa rumbun tambaya da shi, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka faro a IBM wajen 1974, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a 1986, ya gaji wannan ɗabi'a. Muddin ba ka ce masa ORDER BY ba, wato ka faɗa masa da me zai jera, bai yi maka alkawarin komai ba. Yau yana iya kawo sunayen yadda aka shigar da su, gobe ya birkita su, kuma bai yi laifi ba.

A nan ne sabon shiga kan ce, to ai kowane layi yana da lambarsa da kwamfuta ta ba shi ranar da aka shigar da shi, me zai hana a yi amfani da ita? Gaskiya ne akwai ta. A cikin manhajojin rumbun bayanai, MySQL na kiranta AUTO_INCREMENT, SQL Server na kiranta IDENTITY. Sai dai aikinta daban ne, lambar shaida ce. Kamar lambar katin asibiti take, wadda ke bin majiyyaci duk ranar da ya zo, lambar jeri kuwa kamar wadda ake raba wa masu bin layin ganin likita da safe, gobe wani ne zai riƙe ta. Lambar shaida tana yin giɓi: an goge ɗalibin da ya bar makaranta, ta 17 ta tafi ke nan, an fara shigar da wani aka fasa, ta 23 ta ƙone. Kuma da zarar ka tace jerin, ka ce 'yan mata kaɗai kake so, sai ka ga 2, 5, 6, 11. Akwai masu jin haushin giɓin har su koma su sake lambobin shaidar don su daidaita. Wannan ɓarna ce babba, domin sauran tebura, na kuɗin makaranta da na maki, da waccan lambar suke gane mai su. Ranar da aka sauya ta, sakamakon wani zai iya komawa kan wani.

Kafin a samu mafita, kowa da dabararsa. Wadda ta fi tsufa ita ce ƙirge: a kan kowane layi sai a tambayi rumbun, layuka nawa ne suka riga wannan? Tana aiki, amma tebur mai layi 1,000 na iya jawo kwatance har miliyan ɗaya, in ya kai layi miliyan kuwa sai dai a tafi a ci abinci a dawo. Rumbun Oracle ya daɗe da abin da ake kira ROWNUM, wanda ke lambata layuka yayin da suke fitowa, amma yana da tarko biyu da suka kama mutane da yawa. Yana raba lambobin ne kafin a jera, don haka idan ka haɗa shi da ORDER BY a tambaya ɗaya sai lambobin su fito a hargitse. Idan kuma ka nemi layukan da ROWNUM ɗinsu ya wuce 1, ba za ka samu ko ɗaya ba, saboda layin farko da ya zo shi ne 1, an ƙi shi, na bayansa ya zama 1, shi ma an ƙi shi, haka har tebur ya ƙare. Masu MySQL kuma suka riƙa ajiye wani ɗan ma'aunin ƙirge suna ƙara masa ɗaya a kowane layi, alhali littafin manhajar da kansa ya yi gargaɗi cewa ba a tabbatar da tsarin da za a bi wajen lissafa shi ba.

Mafitar da ake amfani da ita yanzu ita ce ROW_NUMBER. Oracle ya kawo ta tun a fitowarsa ta 8i, ta shiga ƙa'idar SQL ta 2003, SQL Server ya karɓe ta a fitowarsa ta 2005, PostgreSQL a 2009 da fitowa ta 8.4. MySQL, duk da yawan masu amfani da shi a shafukan intanet, sai a 2018 ya samu da fitowa ta 8.0, a shekarar ce kuma ta isa SQLite, ɗan ƙaramin rumbun nan da ke cikin wayoyin hannu. Wanda ke riƙe da tsohon MySQL 5.7 har yanzu ba shi da ita. Ga yadda ake rubuta ta, a ce muna da tebur na ɗalibai:

SELECT ROW_NUMBER() OVER (ORDER BY maki DESC) AS lamba, suna, maki FROM dalibai ORDER BY lamba;

Ma'anarsa: jera ɗalibai daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, ka ba kowa lamba daga 1, ka sa wa sabon gidan suna lamba. A lura cewa ORDER BY ya zo sau biyu, kuma ba maimaici ba ne. Na ciki shi ke yanke wa zai samu wace lamba, na waje shi ke tsara yadda za su bayyana a takarda. Sau da yawa akan manta na wajen kuma abin ya fito daidai, amma sa'a ce kawai.

Inda maganar ta fi daɗi, kuma inda aka fi zaluntar mutane ba da sani ba, shi ne kunnen doki. A ce ɗalibai huɗu sun samu 480, 465, 465 da 450. ROW_NUMBER ba ta san kunnen doki ba. Za ta ba su 1, 2, 3, 4, kuma tsakanin masu 465 ɗin nan biyu, wanda ya faɗo mata a hannu shi za ta sa gaba. A sake yin tambayar mako mai zuwa, ana iya samun sun yi musayar wuri. Tana da 'yan uwa biyu da aka yi don wannan. RANK za ta ce 1, 2, 2, 4, wato biyu sun yi na biyu, babu na uku. DENSE_RANK za ta ce 1, 2, 2, 3, ba ta tsallake komai. A ganina, duk makarantar da ke fitar da matsayin ɗalibi a katin sakamako da ROW_NUMBER ta yi kuskure, domin yaron da aka rubuta wa na uku makinsa ɗaya da na biyu, uban da ya yi masa alkawarin keke in ya zo na biyu kuwa ba zai san haka ba. Matsayi aikin RANK ne. ROW_NUMBER ta gidan farko ce, inda ake son lambobi su tafi ba giɓi ba maimaici, kuma ko a can ya kamata a ƙara mata abin raba gardama, kamar a ce in maki ya zo ɗaya a bi lambar shaida, don jerin ya tsaya a wuri guda kullum.

Akwai ƙarin kalmomi biyu da ke faɗaɗa amfaninta ƙwarai, PARTITION BY. Idan ka rubuta PARTITION BY aji kafin ORDER BY na ciki, ƙirgen zai koma 1 a farkon kowane aji. Da wannan ake fitar da uku na farko a kowane aji cikin tambaya ɗaya, ko cinikin ƙarshe na kowane abokin ciniki. Da shi kuma ake farautar sunayen da aka shigar sau biyu: a kasa layukan bisa abin da ya kamata ya bambanta mutum da mutum, duk wanda ya samu 2 ko sama da haka maimaici ne. A nan a yi hattara, suna kaɗai ba ya isa shaida, musamman a wurinmu da aji guda zai iya ɗaukar mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. A duba da ido kafin a goge.

Wani abin da ke ɗaure wa masu koyo kai shi ne ba a iya sa lambar kai tsaye cikin WHERE, wato sashen da ke tace layuka, a ce a kawo daga na 21 zuwa na 40. Rumbun yana gama tacewa ne tukuna ya raba lambobi, don haka a lokacin da WHERE ke aiki lambar ba ta wanzu ba. Sai a yi tambayar hawa biyu: ta ciki ta lambata, ta waje ta zaɓa. Idan kuma lambar don kawai a gani a takarda ce, babu laifi a bar wa manhajar da ke buga rahoton ta ƙirga da kanta, rumbun ya huta.

Kai kuma da ba ka rubuta SQL, amma ake miƙo maka irin waɗannan takardu ka sa hannu ko ka nemi sunanka, ka riƙa tambaya da me aka jera su. In za ka kai ƙorafi kan albashi ko sakamako, kada ka ce kai ne na 58 a jeri, domin a bugu na gaba na 58 wani ne. Ka ba su lambar ma'aikaci ko lambar rajistarka.