Yadda Za Mu Haɗa 'Ya'yanmu da Shaihu Umar

Iyaye da dama suna kawo mana kukan cewa 'ya'yansu na ƙaramar sakandare sun haddace sunayen taurarin littattafan adabi domin jarrabawa, amma babu ko ɗaya da ya taɓa zukatansu. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu malamai, musamman mu masu hawa mumbari, muna da gaggawar fitar da darasi. Kafin yaro ya san mutumin da ke cikin labari, mun riga mun ce masa haƙuri ake koyarwa a nan, mun rufe littafi.

Mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Littafin kansa da tambayar almajiri ya fara: an tambayi Shaihu asalinsa, shi kuwa ya zauna ya ba da labari. Ashe wannan babban malami yaro ne da aka sace, aka sayar da shi ga Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, kuma ba ta daɗe da sake ganinsa ba Allah Ya karɓi ranta.

Idan an kai wurin da aka ɗauke Umar, a dakata da karatun. A tambayi yaron: "Da kai ne, wa za ka fara kira?" A tambayi yarinyar ko da ita ce uwar za ta fita nema, alhali kowa na cewa ta haƙura. Kada a yi saurin gyara musu amsa. Sai dai malami ya san ajinsa, domin a yau akwai yaran da satar mutane ba labarin littafi ba ce a gidajensu. Irin waɗannan ba a tilasta musu magana.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Suratu Yusuf, mai ayoyi 111, ta bi da mu ta rijiya da gidan Aziz da kurkuku, ta nuna mana baƙin cikin Annabi Yaƙub, kafin ayar ƙarshe ta ambaci izinar da ke cikin ƙissoshin. Amma a bayyana wa yara iyaka. Ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wahayi ce, Umar kuwa ƙirƙirar marubuci ne. Ana iya tsayar da yaro a gaban aji ya zama Makau, mijin uwar Umar, yana kare kansa daga sharrin fadawa, amma ba a kwaikwayon annabawa.

A gida, shafi biyu bayan sallar Isha'i sun isa. Yaron ya karanta da murya, uba ko uwa su saurara, a tsaya a daidai inda ya fi son a ci gaba.