Lita Nawa Tankinku Ke Ɗauka, Kuma Cikin Minti Nawa Zai Cika?

A unguwanni da yawa, ruwan gida sai an saya, ko kuma a tayar da janareta a jawo shi daga rijiyar burtsatse. Gidan da bai san abin da tankinsa ke ɗauka ba yakan biya kuɗin ruwan da bai samu ba, ko ya bar inji na shan mai alhali ruwa na malala a ƙasa. Maganin wannan asara yana cikin darasin lissafin da muke yi a aji.

Mu fara da abin da ya kamata kowa ya haddace: kubik mita ɗaya daidai yake da lita 1,000. Idan tankin mai kusurwa huɗu ne, sai mu ninka tsawo da faɗi da zurfi. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5 da zurfin mita 1 ya ba mu kubik mita 3, wato lita 3,000.

Tankin roba kuwa zagayayye ne kamar ganga. Mu auna faɗinsa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, mu raba biyu. Mu ninka wannan rabin da kansa, sannan da 22/7, sannan da tsayin tankin. Misali, idan faɗin mita 1.4 ne, rabinsa 0.7 ke nan. 0.7 sau 0.7 ya zama 0.49, sau 22/7 ya zama 1.54. Idan tsayin mita 1.3 ne, mun sami kubik mita 2.002, kusan lita 2,000, wato jarka 80 masu lita 25. Mu tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ƙarfen da aka ɗora wannan tanki a kansa yana ɗauke da tan 2.

To minti nawa zai cika? Bokiti da agogo sun wadatar. Idan bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 40, famfon na ba da lita 30 a minti. Mu raba 2,000 da 30: kusan minti 67, wato awa ɗaya da minti 7. A yi gwajin a bakin bututun da ke zuba cikin tankin, domin ƙarfin ruwa na raguwa idan inji na tura shi sama. In kuma ana ɗibar lita 10 a minti yayin da ake cikawa, lita 20 kawai ke taruwa, sai lokacin ya koma minti 100.

Yanzu mu leƙa wajen mai faci. Tankin da ke jikin injinsa na buga iska yana da wata ɗabi'a dabam. Ruwa ba ya matsuwa, in tanki ya cika ya cika. Iska kuwa ana iya danna ta, a ƙara wata a kai. Masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana a 1662 cewa idan zafi bai canja ba, ninka matsin iska sau biyu yana rage wurin da take ci zuwa rabi.

Ana auna matsin da ma'aunin bar, kuma iskar da muke shaƙa tana da kusan bar 1. Don haka duk bar ɗaya da allurar gejin ta hau, an ƙara iska daidai da girman tankin. Tanki mai lita 50 da aka ɗaga daga sifili zuwa bar 8 ya karɓi lita 400. Idan injin na tura lita 100 a minti, aikin minti 4 ne. Daga bar 6 zuwa 8 kuwa minti ɗaya ya isa. Sai dai ba duka za ta yi amfani ba: tayar ƙaramar mota na buƙatar bar 2 da ɗan wani abu, kuma iska ba ta shiga taya sai matsin tanki ya fi nata.

Iskar da aka danne haka tana da hatsari. Kada a wuce matsin da aka rubuta a jikin tankin. A riƙa buɗe ƙasansa ana zubar da ruwan da ke taruwa ciki, domin tsatsa na cin ƙarfe, kuma tankin da ya ci tsatsa na iya fashewa.

Ga aikin wannan mako: tanki zagayayye mai faɗin mita 1.4 da tsayin mita 2, famfo na zuba masa lita 40 a minti. Lita nawa yake ɗauka, kuma cikin minti nawa zai cika? Amsa na nan tafe mako mai zuwa.