Madarar Yaro da Tsarabar Kaka: Daga Zariya Zuwa Ƙasar Waje

Samaru unguwa ce ta masu shiga da fita. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 malamanta ke tafiya ƙaro karatu, da can Ingila da Amurka, yanzu har da Malesiya da Masar da Sin, da yawansu a baya sun tafi ne a kan tallafin TETFund. Sabon Gari ma tana da nata matafiyan: 'yan kasuwa, masu Umara, da 'ya'ya mata da aure ya kai Jidda ko Landan. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali, ta bar masu karatun bincike irin digiri na uku. Su ne masu daɗewa, su haihu a can, su kawo yaro gida ya ga dangi.

Zariya tana da kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, amma mai zuwa ƙasar waje sai ya yi mota zuwa filin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja. A haɗa da jiran tantancewa, da yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, uwar da za ta Kuala Lumpur takan share kwana guda cur a hanya. Babba zai daure. Ɗan wata goma sha takwas bai san dauriya ba, madararsa yake so a lokacin da ya saba.

Inda mutanenmu ke rikicewa shi ne, ƙofofi biyu ne a tafiyar, kowace da abin da take tsoro, amma ana ɗaukarsu ɗaya.

Ta farko ita ce ta jami'an tsaro kafin a hau jirgi. Tun 2006, bayan an gano wani shiri na kai hari da sinadarai masu ruwa a jiragen da ke tashi daga Birtaniya, aka taƙaita duk abu mai ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowane mazubi. Wasu filayen sun fara sassautawa saboda sababbin na'urori, amma dokar na nan a yawancin wurare. Sai dai abincin yaro ba ya cikinta. A Birtaniya, in yaron yana tare da ke, za ki wuce da madararsa da dafaffen ruwansa gwargwadon abin da tafiyar ke buƙata. Tatsattsen nono kuwa an yarda da shi har mililita 2,000 a mazubi ɗaya, muddin ba daskararre ba ne. Hukumar TSA ta Amurka ma ta yarda da madara da abin shan ƙananan yara fiye da ƙa'idar. Abin da ake so kawai, ki fito da su daban, ki faɗa wa jami'i tun kafin ya tambaya, ki ba da lokacin gwaji. Iyaye mata da yawa suna zubar da madarar da babu wanda ya ce su zubar, tsoro ne kawai.

Ƙofa ta biyu tana can bayan an sauka, wurin kwastan, kuma a nan ne ake kuka. Ranar jajibirin tafiya, kaka ta aika kasuwar Sabon Gari an sayo kilishi da dambun nama, an karɓo man shanu wurin Bafulatanar da ta saba kawowa, an dunƙula fura, an daskarar da kindirmo a gora. Tana ɗaurewa tana cewa, "Ai na jikana ne, wa zai hana yaro abincinsa?" Za a hana. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan nono, saboda cututtukan dabbobi irin su boru. Rangwamen da suka yi bai wuce kilo 2 na garin madarar jarirai ko abincinsu ba, shi ma na kamfani, wanda ba ya buƙatar firji, cikin gwangwanin da ba a fasa ba, sai fa wanda ake cikin amfani da shi. Amurka tana barin madarar ƙaramin yaro ta 'yan kwanaki, amma dole a bayyana duk abincin da ke cikin kaya. Ɓoyewa a ƙarƙashin atamfa na iya jawo tara, ga kuma tabo a sunan wanda bizarsa ta ɗalibi ce.

Wani abu da nake ganin ya kamata a daina shi ne madarar awo. Don sauƙi, ana auno ta daga buhu a kasuwa, a ƙulle a farar leda ba suna ba lamba. Jami'in da ya buɗe jaka ya ga farin gari a leda ba zai fara tunanin madara ba. Ga shi kuma yawancin irin wannan an cire mata kitsen nono an maye da man tsirrai, ba don jarirai aka yi ta ba. A sayi gwangwani rufaffe mai lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa.

A cikin jirgi, ma'aikata kan ba da ruwan zafi in an roƙa, amma kada a ɗebi na famfon banɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa garin madarar jarirai da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a bari ya huce, abin da ya wuce awa biyu a ajiye kuma a zubar. Saboda haka kwalbar da aka haɗa a Samaru da asuba ta tashi aiki tun kafin a kira fasinja a Kano. Yaron da ya haura shekara ɗaya yana iya shan madarar shanu mai cikakken kitse, kuma ƙananan kwalaye rufaffu da ba sa buƙatar sanyi sun fi sauƙin ɗauka. Kada kuma a gwada masa sabuwar madara ranar tafiya. Gudawa a sararin sama ba ƙaramar wahala ba ce.

Akwai kuma maganar yaye. Al'adarmu ce a kai yaro gidan kaka a yaye shi, don haka wasu na can sukan haɗa hutun gida da yaye, wasu kuma su yi sauri su cire shi daga nono kafin tafiya wai don kunyar shayarwa a gaban baƙi. A ganina wannan kuskure ne. Addini da likitoci sun haɗu a kan shayarwa har shekara biyu, kuma nonon uwa ba ya bi ta na'ura, ba ya jiran ruwan zafi, ba ya lalacewa a Doha. Tsotso lokacin tashi da sauka yana rage wa yaro toshewar kunne. Mayafi ya wadatar da sutura. Yaron da aka raba da nono, aka raba da ɗakin da ya sani, aka sa shi cikin ƙarar inji duk a mako ɗaya, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Maigida, kafin a sayi tikiti ka karanta dokar ƙasar da za a sauka da ta inda za a yada zango, kada ka bar wa uwar yaro ita kaɗai. Ke kuma Hajiya Kaka, ki ba jikanki fura da nono ya sha ya ƙoshi yana gabanki, kuɗin kilishin kuma ki sa a gwangwanin madara rufaffe.