Tsohuwar Kat-Kat a Ƙasar Sassumbrum: Gyara Daga Ƙarƙashi Yake Farawa

Daga Damagaram zuwa Magarya, tafiyar kimanin kilomita 90, kowace irin mota tana zuwa. Labari yana sauyawa ne idan aka saki babbar hanya aka nufi ƙauyukan da ke kewaye da Sassumbrum, ko aka yi gabas cikin ƙasar Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gundumar kanta a shekarar 2011. Can jigawa ce. Da rani rairayi yana kama taya har gindin ƙarfe, da damina kuma ruwa ya kwanta a kwari da bakin korama ya raba gari da gari. Ga kaya kuwa ba sa jira: rake daga fadama, riɗi da gyaɗa da wake bayan kaka, awaki ranar kasuwa, wani lokaci mace mai naƙuda da tsakar dare. Amalanke yana yin nasa, babur yana yin nasa, amma abin da ya fi ƙarfinsu sai kat-kat, motar da ƙafafunta huɗu duk suke ja.

Sabuwa ba ta talaka ba ce. Fararen Land Cruiser masu dogon eriya da ake gani a Magarya yawanci na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji irin su Likitoci Marasa Iyaka, MSF, waɗanda suka fara aiki a garin a 2005. Abin da ke zuwa hannun ɗan kasuwa ko direban ƙauye shi ne wadda ta gama yayinta a wani wuri: wadda aka yi gwanjonta, ko wadda ta shekara biyar a kan duwatsu a bayan wani gareji, kaji suna ƙwai a kujerarta. Tayar da irin wannan mota a tsakar gida ko a gindin bedi sana'a ce, kuma tana da ƙa'idojin da rashin saninsu yake cinye kuɗi, wani lokaci ma ya ci rai.

Kafin a ɗauki sifana, yana da kyau a san wace ce ake shirin tayarwa. Land Rover ta fito ne a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka yi jikinta da alminiyom. Samfurin da ya fi yawa a cikin tsofaffin da suka rage a nan shi ne Series III, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, akwai gajera mai lamba 88 da doguwa mai lamba 109, lambobin kuwa tsawon tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ne a ma'aunin inci. Idan aka ga wata tsohuwa da sitiyari a dama, akwai alamar ta tsallako ne daga Najeriya, inda ake tuƙi ta hannun hagu har zuwa watan Afrilun 1972. Ita kuwa Toyota Land Cruiser, dangin 40 masu zagayayyun fitilu an yi su daga 1960 zuwa 1984, daga nan dangin 70 suka karɓa, har yau kuma ba a daina ƙera su ba. Sunan da suka yi a Sahel ba na talla ba ne. A 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya da a-kori-kurar Toyota, har yaƙin ya ɗauki sunan motar.

Abin da ya raya waɗannan motoci shekaru arba'in zuwa hamsin shi ne rashin wayonsu. Babu kwamfuta a cikinsu, babu na'urar da za ta kashe inji saboda wata waya ta kwance. Makanikin da ke da sifana da guduma da kunne mai ji yana iya kwance su ya mayar. Kuma tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya, gyara ya zama dole, ba zaɓi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga sama. Mutum ya sayi mota, sati bai cika ba ya kai ta wurin mai fenti, ya ɗinka wa kujeru sabuwar riga, ya rubuta kirari a bayanta, alhali abin da ke ɗauke da ita yana can ƙasa ya tsage. Jikin Land Rover yana yaudara ƙwarai, domin alminiyom ba ya tsatsa, sai a ga mota fes. Amma shasi, wato ƙashin bayan da inji da jiki suke zaune a kai, ƙarfe ne, haka ma bangon da ya raba inji da direba. A Turai gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ne yake cinye shi. A nan ƙasar busasshiya ce, tsatsa ba ta da sauri, maƙiyan su ne gargada da lodi. Shekara da shekaru ana ɗora buhu ashirin inda aka yi don goma, ƙarfen sai ya gaji, ya fara tsagewa a inda safirin yake maƙale da inda akwatin sitiyari yake ɗaure.

Wanda ya san aiki yakan wanke ƙarƙashin motar tas, ya kwanta da tocila da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa taku-taku. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi wani dum, wani lokaci gudumar ta shige, jar ƙasa ta zubo a fuska. Tsagewa takan ɓuya a ƙarƙashin busasshen maiko kamar zare, ba ta fitowa sai an kankare. Idan an same ta, ba a shafa mata walda a kai kawai a tashi. Ana huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, a buɗe bakinta, a cike, sannan a ɗora faci mai kauri daidai da na asali. Kafin mai walda ya kunna wuta kuwa, a cire batir, a sauke tankin mai. A tsohuwar Land Rover tankin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage shi ne yake fashewa.

Bayan shasi sai birki, kuma a nan ne ake yawan yin rowa. Tsofaffin nan birkin ganga gare su, wanda yake son a riƙa daidaita shi a kai a kai. Robobin cikinsa suna bushewa da zafi, bututun da ke kai mai yana tsagewa, rairayi yana shiga ganga ya cinye takalmin birki. Duk wanda ya daɗe a tasha ya ji labarin zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Dabara ce ta fita daga daji, amma ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi, sai ƙafa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama, ga tsatsar da yake bari a ciki. Baƙin mai ma ba ya maye gurbinsa, kumbura robobin yake yi. Sauya dukkan robobi da bututu da man birki bai kai kuɗin fenti ba.

Sai a zo kan abin da ya sa ake kiranta kat-kat. Bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, yana kuma da giyar ƙarfi ta fita daga rairayi ko taɓo. Motoci da yawa da ake sayarwa da sunan kat-kat, in an leƙa, an cire sandar da ke kai ƙarfi gaba tun tuni saboda ta lalace, baya kaɗai ke ja. Mai saye ya gwada a cikin yashi kafin ya biya, kada ya gwada a kan kwalta. Tsofaffin samfura ba a yi su don tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta ba, yin hakan yana murɗe ƙarafan har wani abu ya karye. Land Rover tana da wani rauni da direbobinta suka sani sarai: sandar da ke juya tayar baya takan tsinke idan aka fizgi mota da lodi, shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa tafiya sai da ta ajiya a bayan kujera. Doguwar Series III ta zo da gatarin baya mai ƙarfi da ake kira Salisbury, wanda ya samu irinsa ya riƙe.

Inji ne wurin da aka fi yin sauyi. Injin fetur na Land Rover mai lita 2.25 yana da juriya, amma yana shan mai ba kaɗan ba. Shekaru da dama hakan bai dami mutanen bakin iyaka ba, domin fetur mai araha yana tsallakowa daga Jigawa da Katsina a jarka da kwalba. Matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011 ta kawo man gida, sannan cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya rushe tsohon lissafin gaba ɗaya. Yau duk mai tayar da tsohuwar mota sai ya yi tunanin injin gazuwal. A cikin na Toyota, 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, shi ne abin so, saboda ba shi da tarkacen lantarki kuma kayansa suna samuwa. Yana da bel a ciki wanda ake sauyawa wajen kowace kilomita 100,000, in ya tsinke kuwa inji yana tafiya, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Tun da ba wanda ya san tafiyar da injin gwanjo ya yi, sauya bel ɗin kafin a ɗora shi ya fi sauƙi.

Ɗora injin wata mota a kan wata ba haɗa kusoshi huɗu ba ne kawai. Inji mai nauyi yana danne safirin gaba. Inji mai ƙarfi yana tauna haƙoran akwatin giyar da aka yi don ƙarami. Lagireton da ya ishi tsohon inji ba lallai ya ishi sabo ba a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kuma mota tana nishi cikin rairayi da giya ta biyu. Wasu Land Cruiser na gazuwal kuma lantarkinsu na bolt 24 ne, batir biyu, wanda ya haɗa musu kayan bolt 12 zai ga hayaƙi. Wani abu guda da bai kamata a jefar ba shi ne tsohuwar matatar iska ta Land Rover, mai kwanon baƙin mai a ƙasa. Mummuna ce, amma ƙurar hunturu tana maƙalewa a cikin man, a wanke a sake zubawa, ba sai an sayi sabuwa ba.

Sauyin da ya fi jan hankalin masu haya shi ne ƙara ganyen safirin da ɗora keji a kan rufi. Ƙarin ganye ɗaya ko biyu yana hana mota zama, amma ba ya ƙara wa gatari ko birki ƙarfin komai, kuma yana mai da duk dukan gargada kan shasi. Kejin sama ya fi haɗari. Waɗannan motoci dogaye ne kuma matsattsu, in aka jibga buhuna a sama mutane suka hau kai, ɗan karkacewa a gefen kwari ya isa ya kifar da su. Kaya masu nauyi ƙasa ne wurinsu. A rairayi kuwa, rage iskar taya ya fi sayen manyan tayoyi amfani, in dai za a mayar da iskar da an hau hanya mai tauri.

Kayan gyara galibi daga kudu suke zuwa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wasu kuma daga Damagaram. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun nuna wa masu gareji yadda mota take iya kwana wata uku saboda roba guda. Dabarar da ta fi ita ce tafiya da tsohon ƙarfen a hannu a gwada da sabon, domin samfura suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne. A kayan birki da sitiyari, tsohon na asali da aka ciro daga wata mota sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san inda aka yi shi ba.

Abin mamaki, motar da ake ɗaure ƙofarta da igiya a nan, a Turai da Amurka kayan marmari ce. A 2016, shekarar da aka daina ƙera tsohuwar Land Rover Defender a Solihull ta Ingila, kamfanin Land Rover da kansa ya shiga nemo samfurin farko guda 25 yana sabunta su don sayarwa, kuma a Amurka Land Cruiser ta dangin 40 da ƙwararru suka gyara tana wuce dala 100,000. Su abin da suke biya shi ne asali: lambar shasi da ba a taɓa ba, ƙarafan da ba a yanke ba. Ko ba don su ba, ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar shasi shi ne shaidar motar a gaban jandarma da duwan. Kada a bar mai walda ya rufe shi ko mai fenti ya shafe shi, kuma in an sauya inji a gyara takardu su dace. Fenti mai kama da na soja ma a bar shi, a halin tsaron da ake ciki yana jawo tambayoyin da ba a buƙata.

Masu aiki a gida su kula da abu ɗaya na ƙarshe: jak ba ya tsayuwa a kan rairayi. Kafin wani ya shiga ƙarƙashi, musamman yaran da ake koya wa aiki, a shimfiɗa katako mai faɗi, a tokare motar da kututture, a sa wa tayoyi waigi. Wanda kuɗinsa ba zai kai ga komai da komai ba, ya gama da shasi da birki da sitiyari a bana, fenti ya jira kaka mai zuwa.