Mamman Sani: Makaɗin Da Kowa Ya San Kiɗansa, Ba A San Sunansa Ba

Duk wanda ya je biki a Suleja ko Kano a yau, da wuya ya ji kalangu shi kaɗai. Fiyano mai aiki da lantarki ya shiga ko'ina, yaro guda zai zauna gabansa ya fitar da amon ganga da sarewa da goge. To, amma kafin a kai ga haka akwai wanda ya riga kowa a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, shi ne Malam Mamman Sani Abdullahi.

Shi wannan abin kiɗa da Turawa ke kira ogan, da can a coci aka san shi. A Ingila irin su Graham Bond ne suka shigar da samfurin Hammond gidajen rawa wajen 1963, suna kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka. Mazauna Ikko za su tuna abokin kiɗansa Ginger Baker, mai gangar nan da ya yi aiki da Fela, har ya kafa ɗakin ɗaukar faifai a Ikeja. Bond ya mutu a Landan cikin 1974.

Mamman Sani kuwa ba gadon kiɗa ya kai shi ba. Ma'aikaci ne, yana tafiye-tafiye kan aikin hukumar UNESCO. A wajen wani taro ne ya ga ogan ƙirar Italiya mai suna Orla hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda, ya nace sai da aka sayar masa, ya kawo shi Yamai.

Abin da ya yi da shi ne abin lura. Bai tsaya kwaikwayon Turawa ba. Ya ɗauko karin waƙoƙin ƙasarsa, har da na Fulani Wodaɓe da na Buzaye, ya zuba su cikin na'urar a hankali, ba hayaniya. Cikin 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗinsa na farko, La Musique Électronique du Niger. Kwafi kaɗan ƙwarai aka buga. Sai dai rediyo da talabijin na Nijar sun yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane suka haddace shi, mai shi kuwa ba a ko tambaya. Wannan ai ba adalci ba ne.

Sai bayan shekara 35 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemo mai shi. Aka sake buga shi a faifai cikin 2013, Taaritt ya biyo baya a 2014. Daga nan aka shiga gayyatar dattijon ƙasashen Turai, yana kaɗa wa matasan da ba a haife su ba lokacin da ya ɗauki kaset ɗin.