Kafin ka fesa wa motarka fenti a tsakar gida

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Takieta da Damagaram, ko ta karya kudu ta bi Kantche da Matamaye zuwa Kano, ba ta daɗewa rana da rairayi ba su cinye launinta ba. Rufi ke fara koɗewa, sai murfin inji. Mai mota ya ji kuɗin gareji ya yi masa yawa, sai ya ce ai fenti shafawa ne, ya sayo gwangwani ya aro bindigar feshi.

Feshin shi ne ƙaramin aikin. Babban yana ƙarƙashi: a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, a buga lotsawa, a cike da mastik, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a sa fentin shimfiɗa. Wanda ya fesa a kan tsatsa ya rufa mata bargo ne kawai, damina ɗaya za ta kumburo daga ciki. Wasu ma fentin ƙofar gida suke sirkawa da man fetur na kwalba. Wannan kam ba a magana.

Yanayinmu ma ba ya rangwame. Da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, ka shafa hannu ka ji tsakuwa-tsakuwa. A watan Afrilu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, fentin kan bushe tun kafin ya kwanta, jikin motar ya fito da gurje-gurje.

Asarar kuɗi da sauƙi a kan ta lafiya. Fentin mota na zamani, wanda ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa, yana ɗauke da sinadarin isosiyanat mai jawo asma, kuma rawani ko ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Tururin ruwan sirki na kama wuta daga nesa, ga murhu a tsakar gida, ga gawayin shayi. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, garinsa ya zuba inda yara ke rarrafe. Ƙurar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010.

Ƙaramin karce, a ganina, mutum na iya taɓawa da kansa, a waje, cikin inuwa, da ɗan buroshi. Lambar launin tana kan wani ɗan allo a bakin ƙofa ko wajen inji. Motar gaba ɗaya kuwa sai mai sana'a.

Shi ma kada ka miƙa masa makulli ido rufe. Ka ce ya nuna maka motar da ya fesa bara, ba ta jiya ba. Ka leƙa ko yana da rufaffen wuri, ku yi ciniki kan yawan shafi, ka kuma zo da maganaɗisu ranar karɓa: inda ya ƙi kamawa, mastik aka labta maimakon a buga ƙarfe.