Hanyar yanke ta saka emoji a kwamfuta

Mutane da yawa sun ɗauka emoji abin waya ne kaɗai. In suna rubutu a kwamfuta, sai su shiga intanet su kwafo fuskar murmushi su liƙa, alhali hanyar yanke na nan ƙarƙashin yatsunsu.

Mai amfani da Windows 10 ko 11 ya riƙe maɓallin Windows, ya danna na aya, ko na waƙafi mai ruwa. Nan take ƙaramin akwati zai buɗe a wurin da yake rubutu, sai ya zaɓi wadda yake so. Microsoft ta kawo wannan tsari a 2017. A Mac kuwa, maɓallai uku ake haɗawa: Control, Command da dogon maɓallin ba da tazara. A Chromebook, Search ne da Shift da na tazara.

Me ya sa fuskar da aka aika daga Windows ke fitowa a wayar Android? Sirrin yana ga Unicode, ƙa'idar da ta ba kusan kowane harafi na duniya lambarsa. A 1999, Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo na Japan alamomi 176, amma a wancan zamani kowane kamfanin waya na ƙasar da irin nasa. Sai a 2010 Unicode ta karɓi ɗaruruwan emoji, kowace da lamba guda da na'urori suka yarda da ita. Lambar ce ke tafiya, kowace na'ura kuma ta zana hoton da salonta.

A nan ne ribar marubucin Hausa take. Ƙa'idar da ta ba murmushi lamba ita ce ta ba haruffanmu masu lanƙwasa tasu: 0199 ta ƙ ce, 0257 ta ɗ, 0253 ta ɓ. A Microsoft Word, rubuta lambar, ka danna Alt tare da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin. In harafin da ya gabace ta a, b, c, d, e ko f ne, sa U+ kafin lambar don kada Word ta haɗa su.

Abin takaici ne a ga takardun makaranta da sanarwar ofis suna fita ba lanƙwasa, ana cewa kwamfuta ba ta san Hausa ba. Ta sani sarai. Ya kamata malaman kwamfuta a makarantunmu su koyar da waɗannan lambobi a ranar da suke koyar da maɓallin emoji.